Bindiga Mai Bene

A Wilgarra babu wanda ya taɓa ganin Merv Tuckwell ya harbe wani abu mai rai, amma kuma babu wanda bai ji labarin abubuwan da ya harbe ba. Dabbobin Merv duk a inda ba kowa suke mutuwa: bayan dutse, ƙetaren kogi, ko can wata jiha. Kuma mutuwa ba ta hana su girma. Akwai wani aladen daji da ya kashe tun yana saurayi, wanda a farkon labarin bai fi buhun alkama ba. Bara da ya sake ba da labarin a mashayar gari, sai da aka kawo tarakta kafin a iya jan sa.

Duk wannan cika bakin, abu ɗaya ne ya tsaya wa Merv a rai, shi ne makullin ƙofar gandun Inna Beryl Quigley. Gandun ya faro daga bakin kwalta bai tsaya ba sai jajayen duwatsu, kuma babu irin naman da ba ya kiwo a cikinsa. Tun da mijinta ya rasu ita kaɗai take fama da tumakinta, kuma makulli ɗaya take bayarwa, ga maharbi ɗaya. Wanda ya riƙe shi, shi ne maharbin gari. Shi ake matsa wa kujera a mashaya, shi ake saya wa giya don ya tafi da mutum farauta, shi kaɗai ne in ya shara ƙarya ba a katse shi. Tsohon da ya daɗe da makullin gwiwoyinsa sun gaji, ya koma bakin teku wurin 'yarsa, ya mayar mata da abinta. Tun daga ranar makullin yake rataye a wuyanta da igiyar ɗaurin ciyawa. Merv kuwa duk inda ya gan ta sai idonsa ya maƙale a wurin, har matarsa Raelene ta fara tambayarsa ko lafiya.

Wata Asabar Inna Beryl ta shigo kantin Con Pappas sayen wayar shinge. Kantin cike yake da 'yan zaman hira, don Con ne kaɗai mai injin sanyaya ɗaki mai aiki a duk garin. Ta cire hularta, ta kore ƙudajen da suka rako ta, ta ce:

"Duk wanda ya raba ni da Alƙali, makulli nasa ne."

Alƙali ba mutum ba ne. Wani tsohon bunsurun daji ne mai farin gemu har ƙirji, da ƙahoni kamar kan babur, da wari wanda yake riga shi isa wuri ya share masa hanya. An sa masa sunan ne saboda yadda yake hawa dutse ya dube ka, kamar ya riga ya saurari bayaninka bai gamsu ba. Shi yake jagorantar awakin daji su ɓalle shinge, su shanye ruwan kwami kafin tumaki su iso, abin da ya rage kuma ya tsula fitsari a ciki. Ga shi ana fari. Ruwan gandun duka daga wani tsohon tankin kwano yake zuwa, can a kan tudu, famfon iska yana ɗiga masa kaɗan kaɗan.

"Inna," in ji Merv, ya dafe ƙirji, "ki ɗauka an riga an yi jana'izarsa."

"Jana'izar wa?" in ji Lindsay Ah Sam, yayan Raelene, wanda shi ma ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan makullin. "Suruki, kai da ko gwangwani sai an ɗaure maka shi kafin ka same shi? Inna, ni ki ba ni aikin."

"Merv ne ya fara magana," in ji Inna Beryl. "Asabar mai zuwa tasa ce. In Alƙali ya wayi gari Lahadi, kai sai ka shiga. Sharaɗina ɗaya ne, ku buɗe kunne: ba a juya bakin bindiga wajen tankina. Mijina ma ban yarje masa ba, alhali ina son sa."

Ta saɓi ƙunshin wayar shingenta ta fita.

Damuwar Merv ita ce madubin da ke kan bindigarsa. Ya yi hazo, kuma wani gizo-gizo ya tare a ciki har ya yi iyali. Dole sai sabo. Da ya ce wa Con ya ɗauko masa wanda ya fi kowanne a kantin, sai ya taɓo rigimar da ta fi ta siyasa zafi a Wilgarra.

Madubin bindiga dai, in ka leƙa, akwai zane a ciki: layi biyu da suka gitta juna, da 'yan ɗigo-ɗigo a jere. Harsashi in ya yi tafiya yakan sunkuya, saboda haka in nama ya yi nisa ba tsakiyar zanen ake ɗora masa ba, sai a ƙirga ɗigo a ɗaga bakin bindiga. Akwai kuma zobe da ake murɗawa a jawo nama kusa ko a mayar da shi nesa. Masu ƙera abin kuwa iri biyu suke yi, wani a sa zanen a gaba, wani a sa shi a baya. A nan garin ya dare biyu.

"Mai zanen gaba za ka ɗauka, mutumina," in ji Con, ya ɗauko shi da hannu biyu kamar jariri. Shi ne ya fi tsada, Con kuwa mutum ne mai bin gaskiya duk inda ta fi riba. "Kana murɗa zobe, zanen yana girma tare da naman. Ɗigo uku ɗigo uku ne, ka murɗa ko kar ka murɗa. Ba ya ƙarya."

"Ba ya ƙarya don ba a ganinsa!" in ji Lindsay daga kan buhun abincin karnuka. "Sassauta zoben ka gani, zanen ya koma kamar gashin hancin sauro. A cikin duhuwar itatuwa da sassafe, kana neman zane nama ya je ya yi aure ya haihu. Mai zanen baya, suruki. Zanensa ɓaro-ɓaro, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Da irinsa ubanmu ya ciyar da mu."

"Shi ya sa kuka tashi a rame," in ji Con. "Mai zanen baya ɗigonsa ba ya faɗin gaskiya sai ka murɗe zobe har ƙarshe. Ka tsaya a rabi, kowane ɗigo ya zama biyu. Ka auna ƙirji, ka aske wa gajimare."

"To mai hankali ai sai ya murɗe har ƙarshe!"

"Ka murɗe har ƙarshe nama yana kusa, me za ka gani? Gashi! Katangar gashi!"

Merv bai ji rabin wannan ba. Tun da suka fara yake duban wannan madubi ya dubi wancan, wani tunani yana kumbura a kansa kamar ƙullin burodi. Can ya ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota.

"Ku dakata, 'yan'uwa. Shekara da shekaru kuna wannan musu saboda ƙwaƙwalwarku ɗaki ɗaya ce. Kowanne yana da aibi, ko ba haka ba? Kuma inda wannan ya gaza, nan wancan ya ƙware. Con, naɗe mini duka biyun."

"Bindiga biyu gare ka?"

"Ɗaya. Madubi a ƙasa, madubi a bisansa. Nama na kusa, in leƙa sama. Nama na nesa, in leƙa ƙasa. Babu inda Alƙali zai tsaya a duniyar nan ban gan shi ba."

Con ya buɗe baki zai ce wani abu, sai idonsa ya faɗa kan kwalaye biyun, ya rufe bakin ya shiga neman igiyar ɗauri.

Babu masana'antar da ke ƙera ƙarfen da zai riƙe madubi a kan madubi, wannan kuwa Merv ya ɗauke shi shaida ce cewa ya riga duniya tunani. Ya zaga gida yana neman ƙarfe mai ƙwari, ya samu a tsakar gida. Da Raelene ta dawo daga aiki, ita ce ma'aikaciyar jinya a ɗan asibitin garin, ta tarar da wankinta zube a ƙasa, kare ya kwanta a kan rigar cocinta, ƙarfen shanyarta mai hannuwa kamar lema kuma ya rasa hannu guda. Tartsatsin walda yana ta tashi daga rumfar mota.

"Mervyn!"

"Kar ki dubi hasken, zai ɓata miki ido."

"Ina ƙarfen shanyata?"

"Ya samu ƙarin girma. Raelene, watarana za a rubuta sunan wannan ƙarfe a tarihi."

"Za a rubuta naka a dutsen kabari in ban ga inda zan shanya kaya ba."

Ya fito da abin ya nuna mata. Mai zanen gaba yana ƙasa, mai zanen baya yana bisansa, an liƙe su da walda mai ƙulu-ƙulu kamar kashin kaji. Raelene ta zagaye shi sau ɗaya, ta ce ya yi kama da gidan haya mai hawa biyu. Kafin faɗuwar rana duk Wilgarra ta san da bindiga mai bene.

Gwaji a bayan jujin gari aka yi shi. Merv ya jingine ƙyauren wani mataccen firji can nesa, ya dawo ya kwanta rub da ciki. Con da Lindsay suka tsaya a bayansa, kowa ya zo ya ga an kunyata ɗan'uwansa.

"Ja fuskarka baya kaɗan," in ji Lindsay. "Ka manne ido."

"Suruki, ina harbi tun kana tsotson yatsa."

"Na girme ka, Merv."

"Ka daɗe kana tsotsa ke nan."

Ya leƙa na ƙasa, ya ƙirga ɗigo uku, ya ja kunama. Bindigar ta hankaɗo da baya kamar alfadari. A duniya an saba madubi ya sari maharbi a gira in ya manne masa, ba sabon abu ba ne. Amma Merv ne mutum na farko da madubi biyu suka sara lokaci guda, na ƙasa a gira, na sama a tsakar goshi. Ya mirgina yana ganin taurari da rana tsaka, jini yana bin hancinsa.

Abin takaicin shi ne, ya sami ƙyauren firjin. Tsakiyarsa cif.

"Ɗigo uku!" yake ihu suna ɗora shi a mota. "Kun gani? Ɗigo uku!"

Raelene ce ta ɗinke shi. Sara biyu, kowanne kamar jinjirin wata, ɗaya a bisa ɗaya.

"Ba za ki sa mini allurar kashe zafi ba?"

"Tana wurin da ƙarfen shanyata yake."

"Wash! A hankali mana, masoyiya."

"Ai ga shi kai ma ka zama mai bene. In na sake jin ƙarar bindigar nan kafin Asabar, da zaren buhu zan ɗinke na gaba."

Ba a sake gwaji ba ke nan. Sai dai Merv bai zauna haka ba. Ya lura in zai leƙa madubin sama sai ya miƙe wuya kamar jimina, kumatunsa yana reto a iska. Ya ɗauko filon Raelene, ya naɗe shi biyu, ya ɗaure a gindin bindigar da baƙin salatif, naɗi a kan naɗi har ya ƙarar da ƙunshi guda. Ya kwantar da kunci ya leƙa na sama: daram. Ya yaba wa kansa, ya tafi mashaya da bandeji a goshi, ya gayyaci duk wanda ke da ƙafa ya zo ranar Asabar ya ga yadda ake yanke wa Alƙali hukunci. Inna Beryl ta ce ba ruwanta da 'yan kallo muddin na ƙarshe zai rufe ƙofa.

Ranar Asabar tun da sanyin safiya a-kori-kura suka yi jerin gwano a gandun. Bindigar ta ƙi shiga jakarta, ta ƙi shiga bayan kujera, saboda haka Merv ya lulluɓe ta da bargo ya zaunar da ita a gaba ya ɗaura mata bel, Raelene kuma ta biyo motar yayanta fuska a ɗaure. Aka yi sansani a wani ɗan tudu mai fuskantar kwari. Aka baje kujeru, aka ɗora shayi, aka hura wuta ana gasa nama da albasa. 'Yan zanen gaba suka zauna wajen Con, 'yan zanen baya wajen Lindsay, kamar dangin ango da na amarya a bikin da ba a so.

Merv ya fito cikin rigar buhu da ya liƙa wa busasshiyar ciyawa, ya yi kama da bukkar da iska ta tumɓuke. Ƙudajen gandun duka suka bar naman suka koma kan bandejinsa. Ya je gaban jama'a ya kwanta, ya murɗe zoben madubin sama har ƙarshe don ya burge su.

"Kun ga hankakan can a kan famfo? Ina ganin abin da ya karya da shi."

"Ka dai ga bunsuru tukun," in ji Inna Beryl, tana kurɓar shayi.

Warin ne ya fara zuwa. Mata suka toshe hanci, wani kare ya shige ƙarƙashin mota. Sai ga Alƙali ya ɓullo daga cikin kurmin da ke gabansu, ba can nesa inda Merv ya tsara masa ya ɓullo ba, nan kusa, inda ko da takalmi ka jefe shi za ka same shi. Ƙanshin albasa ne ya jawo shi. Ya tsaya, ya ɗaga gemu, ya bi taron da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ga shi nan," aka yi ta raɗa. "Merv, ga shi nan!"

Merv ya kwantar da kunci a filo ya leƙa.

"Wane ne ya tsaya a gabana da bargo?"

"Ba bargo ba ne, shi ne!" in ji Con. "Katangar gashi! Ban faɗa muku ba?"

"Sassauta zoben, suruki!"

Merv ya shiga kokawa da zoben. Ya murɗa, ya tsaya a rabi, katangar ta ja baya ta zama bunsuru, sai dai bunsurun ya riga ya juya masa baya. Alƙali bai yi gudu ba. Tafiya ya yi irin ta wanda aka tashi zaman kotu, ya gangara kwari, ya tsaya ya tsinki ganye, ya haura ɗaya gefen, ya hau wani falalen dutse ya juyo ya fuskance su. Nisan kuwa kamar an auna shi da na firjin nan. A bayansa, ya cika ido, tsohon tanki ne.

"Yanzu aikin na ƙasa ne," in ji Merv da ƙarfi don kowa ya ji. "Ku kalli amfanin bene."

Ya sauke kai zai leƙa na ƙasa, hancinsa ya nutse a filo. Ya karkata ta dama, filo. Ya karkata ta hagu, filo. Ya danna fuska har ɗinkinsa ya fara ja, bai ga komai ba sai furannin da Raelene ta ɗinka a jikin rigar filon.

"Mervyn," in ji Raelene, murya ƙasa-ƙasa, "wancan filona ne?"

Ya kai farce ya fara ɓantarar salatif. Mutumin da ya naɗa shi ya yi aiki tsakani da Allah. Jama'a suka fara dariya, wani ya ce a kawo masa bargon ma ya kwanta gaba ɗaya. Kunnuwan Merv suka yi ja. Ya mayar da kunci kan filo, ya leƙa na sama.

"Madubi madubi ne," ya ce. "Ɗigo uku."

"Ba wannan ba!" in ji Con. "Ɗigo ukunka na na ƙasa ne!"

"In za ka ƙirga a nawa, murɗe shi har ƙarshe!" in ji Lindsay. "A rabi yake!"

"Ku biyun kun ishe ni. Kuna firgita mini nama."

Inna Beryl ta ajiye kofinta ta miƙe. "Merv Tuckwell, tankina ne a bayansa."

"Inna, harsashina ɗan aike ne mai ladabi. Inda na tura shi nan yake tsayawa."

"Na ce maka ba a juya..."

Ƙarar harbi ta ratsa kwarin, hankaki suka watse. Jim kaɗan wata ƙara ta dawo daga tudun, tangaran, kamar an buga ƙararrawar coci. Girgizar ta zamo da bandejin Merv ya rufe masa ido.

"Ƙaho!" ya yi ihu. "Kun ji? Ƙaho na buga! Na rantse ƙahon tsohon nan ƙarfe ne. Bari in ƙarasa shi!"

Ya ture bandejin da babban yatsa, ya ga inuwar gemu, ya ƙara ɗigo ɗaya don kyauta. Lindsay ya yi tsalle zai danne shi, ya yi tuntuɓe da akwatin ƙanƙara. Ƙara ta biyu ta tashi.

Na farko ya wuce saman bayan Alƙali ya huda tanki. Na biyu ya huda shi a bisan na farko. Huda biyu, ɗaya a kan ɗaya, duk wanda ya dubi tankin ya dubi goshin Merv ya san aikin mutum ɗaya ne. Kwanon da ke tsakaninsu kuwa tsatsa ta daɗe da cinye shi, fenti ne kawai yake riƙe da shi. Ya yi wani kuka, ya tsage daga huda zuwa huda, tsagar ta zarce ƙasa, tankin ya buɗe kamar gwangwanin kifi. Ruwan da famfo ya yi wata da watanni yana tarawa ya kwararo kan dutsen.

Alƙali bai motsa ba. Ya lumshe ido, ya ɗaga gemu, ya juya wannan gefe ya juya wancan. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa wanka ba sai ranar. Daga nan kurmi ya fara amayo awaki, manya da ƙanana, suka bi ruwan suna sha suna tsalle. Tumakin Inna Beryl suka jeru a bayan shinge suna kallo.

A sansani naman da ke kan wuta ya ƙone ba wanda ya juya shi.

Con ne ya fara magana, a hankali. "Ku dai shaida ne, mai zanen baya ne ya fasa tanki."

"Naka fa?" in ji Lindsay daga ƙasa, ƙanƙara a cikin rigarsa. "Naka ko leƙa shi ba a iya yi ba!"

Inna Beryl ta tako har inda Merv yake zaune cikin ciyawarsa. Ta sa hannu a wuya ta ciro igiyar. Mutane suka ja baya, don an ɗauka da makullin za ta yi masa sara na uku. Sai ta rataya masa shi a wuya, ta gyara masa zamansa.

Fuskar Merv ta washe. "Inna! Na san ke kin gane. Harbin gargaɗi ne, dabara ce ta..."

"Tumakina safe da yamma suke shan ruwa," ta ce. "Sabon tanki sai bayan askin tumaki, in an samu mai kawowa. Kana da mota, akwai rijiyar burtsatse a gari, Con zai sayar maka da duro."

"Akwai manya masu kyau," in ji Con.

"Inna, Lahadi fa tawa ce!" in ji Lindsay.

"Ka zo ka taya shi ɗauka. Kai kuma Merv, kwance mini madubin nan biyu ka ba ni. Bindigar kuwa, ranar da ta sake ƙetare ƙofata, da kai za a toshe tankin."

Raelene ta zo ta karɓi abin da ya rage na bindigar. Da wuƙar yankan burodi ta ceto filonta a gaban jama'a.

Haka Merv Tuckwell ya zama mai riƙe da makullin gandun Inna Beryl. Kullum safe da yamma a-kori-kurarsa tana nishi da duro-duro a hanyar gandu. Alƙali kuwa, da yake ba wawa ba ne, bai daɗe ba ya gane daga ina ruwa yake fitowa yanzu. Da farko a bakin ƙofa yake jira. Daga baya ya fara bin motar. Yanzu da zarar Merv ya sauka buɗe kwaɗo, sai ya yi tsalle ya hau baya ya zauna tsakanin duro, gemu yana kaɗawa a iska, a kai shi kwami ya sha kafin tumaki. Wankan nan bai yi masa amfanin komai ba. Warin ya kama kujerun mota, ya kama rigunan Merv, ya kama Merv. A mashaya yanzu ana matsa masa kujera kamar yadda ya yi buri, har baranda ake matsa masa ita, a rufo ƙofa. Daga nan yake ba baƙi labari ta taga, yadda ya kama ƙasurgumin bunsuru da rai da harsashi biyu kacal.

Lindsay ya kai wa ƙanwarsa ƙara. "Ko an ba ni dama, ta yaya zan harbe shi? Kullum yana manne da mijinki."

"Yaya," in ji Raelene, tana shanya kaya a kan shinge, "ka gwada dai."

Musun madubi kuwa bai mutu ba. Da aka ji Inna Beryl tana zama a barandarta kowace safiya tana leƙen Merv da su, don ta tabbatar ya cika kwami, sai Con da Lindsay suka shiga mota ɗaya ba mai yi wa wani magana, suka je ta raba musu gardama. Suka same ta da madubin biyu a cinya, shayi a gefe.

"Inna," in ji Lindsay, "ke kin leƙa duka biyun. Tsakaninki da Allah, wanne ya fi?"

Ta ɗaga ɗaya ta leƙa can wajen kwami, ta ajiye, ta ɗaga ɗayan.

"A naka, Merv ne da bunsuru. A na Con ma, Merv ne da bunsuru." Ta murɗa zoben a hankali har ya tsaya. "Amma na Con na fi so."

Con ya gyara wuyan riga. "Saboda ɗigonsa ba ya ƙarya."

"A'a," in ji Inna Beryl, ba ta cire ido ba. "In na murɗe shi har ƙarshe, zanen yana yin kauri ya rufe mini fuskar Merv."